FAGEN HARSHE: Kalmar Da Ke Kwance Wa Mai Fushi Ɗamara

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, sa'an nan kuma su ne dai suka ce haƙorin dariya shi ke cizo. Wanda bai ƙware da Hausa ba zai yi tsammanin karin maganar nan biyu ƙaryata juna suke yi, alhali kuwa kowace tana da tata gaskiyar. To, Turawan Ingila suna da wata kalma guda wadda ta haɗiye su duka biyu, ita ce kuwa wannan fili zai yi bayani a kanta a makon nan. Kalmar ita ce "disarming", ana furta ta kamar a ce "dis-aa-min", da jan wasalin tsakiya.

Kalma ce mai yawan fitowa a jaridun Turanci da littattafan tarihin manyan mutane, musamman in ana ba da labarin wani shugaba ko ɗan siyasa wanda ya iya zama da jama'a. Tana kuma cikin kalmomin da ke ba masu fassara wuya a gidajen rediyo da na jaridu, domin in an buɗe ƙamus sai a tarar ta danganci makamai, in kuma an koma ga jimlar da ta fito a ciki sai a tarar zancen murmushi ake yi. Mai fassara da aiki ya sha masa kai yakan rubuta "mai fara'a" ya wuce abinsa, bai san ya zubar da rabin ma'anar a hanya ba. Rabin da ya zubar ɗin kuwa shi ne wanda mai karatu ya fi bukata.

ASALIN KALMAR

Tushen kalmar shi ne "arma", wanda a harshen Latin na Rumawan da yake nufin kayan yaƙi, irin su takobi da mashi da garkuwa. Faransanci ya gaji kalmar daga Latin, Faransawa kuma suka liƙa mata ɗafa-goshi mai nufin cirewa ko warwarewa, ta zama "desarmer", watau raba mutum da makaminsa. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a ƙasar har tsawon lokaci, dubban kalmominsa kuma suka kwarara cikin Ingilishi. Ta wannan hanya ce kalmar ta shiga, kafin ƙarshen ƙarni na 14 har ta fara bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi da siffar "disarm".

A nan akwai wani rami da ɗalibai kan faɗa. Ingilishi yana da wata kalma "arm" mai nufin hannu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ita kuwa tsohuwar kalmarsu ce ta gado, ba daga Faransanci suka aro ta ba. Saboda haka wanda ya ga "disarm" ya fassara ta da cire hannu ko guntule hannu ya yi ɓatan kai. 'Yan'uwan kalmar na jini su ne "army", watau rundunar soja, da "armour", watau sulke, da "armistice", watau yarjejeniyar dakatar da yaƙi. Har ma da "alarm", wadda a yau aka fi saninta da ƙararrawar agogo, asalinta kirari ne na sojojin Italiya mai nufin kowa ya ɗauki makaminsa. Ke nan "alarm" tana sa mutum ya zabura ya ɗauki makami, "disarm" kuma tana sa ya ajiye.

Wannan ma'ana ta farko tana nan daram har gobe, Hausa kuma ba ta da wata matsala da ita, domin tana da "kwance ɗamara". Babban taron da ƙasashen duniya suka fara a birnin Janiba a shekarar 1932 don rage makamai, wanda Jamus ta fice daga cikinsa a 1933, taron kwance ɗamara ne. Haka kuma afuwar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun yankin Neja Dalta a shekarar 2009, inda aka ba su kwana 60 su miƙa bindigoginsu, matakinta na farko kwance ɗamara ne. A duk waɗannan wurare makamin da ake zance na ƙarfe ne, ana iya ƙirga shi, a loda shi a mota.

MAKAMIN DA BA A GANI

Amma fa ɗan'adam yana da waɗansu makamai da ba a iya lodawa a mota. Fushi makami ne, haka zargi, haka baƙar magana da mutum ya kwana yana wasawa don ya yaɓa wa wani da safe. Turawa sun lura da haka, sai suka ɗauki kalmar daga fagen fama suka kai ta fagen zaman tare, suka riƙa cewa wane ya "disarm" masu sukarsa, ko ya "disarm" zargin da ake yi masa. Daga nan ne siffar "disarming" ta samu, ta kuma zauna da gindinta a cikin harshen tun ƙarni na 19. Abin da take nufi shi ne hali, ko magana, ko kallo, wanda ke sa mutumin da ya zo da fushi ko da zargi ya ji abin da ya zo da shi ya zube, ba tare da an yi masa gardama ko an fi ƙarfinsa ba.

Misali zai fi fito da abin fili. A ce wani attajiri yana bin wani ɗan tireda bashi, wa'adi ya wuce da wata biyu, ya aika sau uku ba a ba shi komai ba. Ran nan ya cika ya batse, ya tasar wa kasuwa da niyyar ya ci masa mutunci a gaban jama'a. Ɗan tireda na hango shi sai ya miƙe, ya kakkaɓe masa benci, kafin ya buɗe baki ya riga shi da cewa, "Ranka ya daɗe Alhaji, na san abin da ke tafe da kai, kuma kai ke da gaskiya. Ni ne na saɓa alkawari, ba ni da bakin magana." Alhaji ya zo da shirin musu, ga shi ba a musa masa ba. Ya zo da zagi, ga shi wanda zai zaga ya riga ya zagi kansa. Sai ya sami kansa a zaune bisa benci yana amsa gaisuwa. Abin da ɗan tiredan nan ya yi shi Bature zai kira "disarming".

In aka lura da kyau za a ga sharuɗɗa biyu a cikin misalin. Na farko, tilas a sami makami tun da fari, watau wani fushi, ko zargi, ko ɗari-ɗari a zuciyar mai sauraro. Uwa da ke yi wa jaririnta wasa ba ta kwance wa kowa ɗamara ba, domin babu wanda ya ɗaura. Wannan shi ya bambanta kalmar da 'yar'uwarta "charming", wadda ke nufin mai shiga rai kawai, ko da husuma ko babu. Na biyu, tilas abin ya zo wa mai fushin a ba-zata. Ya shirya wa dutse ne sai ya ci karo da auduga.

Kalmomin da ta fi yawan rakiya a Turanci su ma suna da abin lura. Akan ce "a disarming smile", watau murmushi mai kashe wa mai fushi jiki. Akan ce "disarming honesty", watau faɗin gaskiya tsirararta a wurin da ake jiran ƙarya ko kwana-kwana. Akan kuma ce abu "disarmingly simple" ne, watau sauƙinsa har ya sa mai neman aibu ya rasa inda zai kama. Ba safai ake jin ta tare da ƙarfi ko dukiya ko sarauta ba, domin waɗannan tsoro suke sawa. Abokan tafiyarta su ne tawali'u, da raha, da amsa laifi, da mutum ya yi wa kansa dariya kafin a yi masa.

INA TAKWARARTA A HAUSA?

Hausa tana da kalmomi da dama da ke kewaye da wannan ma'ana, sai dai kowace ta tsaya a gefe guda. Fara'a hali ne na mai ita, yana yinta ga masoyi da maƙiyi, ba ta kuma faɗi abin da ya sami wanda aka yi wa ba. Farin jini baiwa ce, mai shi bai yi komai ba ake sonsa. Kwarjini yana hana mutum faɗin abin da ya zo da shi, amma ta hanyar cika ido yake yi, wanda kwarjini ya rufe wa baki yakan koma gida da fushinsa a ciki, ya ƙara da jin haushin kansa. Lallashi yana ɗaukar lokaci, kuma wanda ake lallashi ya san ana lallashinsa. Daɗin baki da romon baka kuwa sun riga sun yanke hukunci cewa mai yinsu mayaudari ne, ita kuwa kalmar Turancin ba ta yanke wannan hukunci ba.

Saboda haka abin da ya fi dacewa ga mai fassara shi ne ya bar neman kalma guda, ya koma ga yadda Bahaushe ke faɗin abin in ya faru. Bahaushe yakan ce "ya kashe masa jiki da murmushi", ko "ya kashe bakinsa da gaskiya", ko "ya sanyaya masa gwiwa", ko "ya sa ya rasa ta cewa". In kuma ana son a riƙe hoton da ke cikin kalmar ta asali, babu laifi a ce "murmushi mai kwance ɗamara", domin duk Bahaushen da ya ji haka zai gane, ko da bai taɓa jin an faɗa ba.

Ko da yake babu kalma guda, al'adar kanta tsohuwa ce a ƙasar Hausa, har an yi mata tsari. Wasan barkwanci da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, da Bafillace da Babarbare, da Bagobiri da Bayarabe, da kuma taubasantaka tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, duk aikinsu ke nan. Mutum biyu za su fara sa-in-sa a tashar mota, da zarar ɗaya ya gane ɗayan abokin wasansa ne sai ya ce, "Ashe bawana ne ma nake ɓata bakina," sai faɗa ya koma dariya. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci ƙwarai, har Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na 'yan'adam a shekarar 2014. Bambancin kawai shi ne barkwanci gada ce da kakanni suka gina, kowa ya san inda take, shi kuwa mai halin da ake kira "disarming" yakan gina tasa gadar ne nan take, da wanda bai taɓa gani ba.

DAGA AMURKA ZUWA AFIRKA TA KUDU

Tun da kalmar ta Turawa ce, ya kamata a duba irin mutanen da su kansu suke liƙa wa ita. A shekarar 1984 Shugaba Ronald Reagan na Amurka yana neman a sake zaɓensa, yana da shekara 73 a duniya. A muhawarar farko da suka yi da abokin takararsa Walter Mondale, mai shekara 56, Reagan ya yi ta inda-inda, har jaridu suka fara tambaya ko tsufa ya cim masa. Da aka zo muhawara ta biyu a birnin Kansas ran 21 ga watan Oktoba, wani ɗan jarida ya tambaye shi gaba da gaba ko yana da ƙarfin da zai riƙe ƙasa in wata babbar fitina ta taso. Reagan ya amsa da cewa shi ba zai mai da batun shekaru abin yaƙin neman zaɓe ba, kuma ba zai yi amfani da ƙuruciyar abokin takararsa da rashin gogewarsa don neman ƙuri'a ba. Zauren ya kece da dariya, har da Mondale, mutumin da ya yi shekara 4 yana Mataimakin Shugaban Ƙasa. Daga baya Mondale ya amsa cewa tun a daren nan ya san zaɓe ya kuɓuce masa. Reagan ya cinye jihohi 49 daga cikin 50.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne tambayar da aka yi tambaya ce mai nauyi, ta cancanci amsa, amma ba a amsa ta ba. An yi dariya, an wuce. Makamin ɗan jarida ya faɗi ƙasa, kuma babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Misalin Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya fi wannan zurfi. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, 18 daga ciki a tsibirin Robben, a can ne kuma ya dage da koyon Afirkans, harshen Turawan da suka ɗaure shi, da tarihinsu. A shekarar 1993, sa'ad da ake shirin zaɓen farko na kowa da kowa, ƙasar tana gab da yaƙin basasa. An kashe Chris Hani a watan Afrilu, Turawa masu tsattsauran ra'ayi kuma sun taru a bayan Janar Constand Viljoen, tsohon babban hafsan sojojin ƙasar, wanda ake tsoron yana iya tara dubban mutane masu horon soja. A cikin wannan hali aka shirya ganawa a asirce a gidan Mandela da ke Johannesburg. Janar ya zo a ɗaure, yana jiran ya ga ɗan ta'addar da aka daɗe ana ba shi labari. Sai ya tarar da dattijo ya tarbe shi da fara'a, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya kuma yi masa magana da harshen uwarsa.

Kada a ɗauka shayi kaɗai ya hana yaƙi. An yi wata da watanni ana tattaunawa, yunƙurin da 'yan bindigar Turawa suka yi a yankin Bophuthatswana a watan Maris na 1994 ya watse a wulaƙance, an kuma yi wa Janar alkawarin za a duba bukatar mutanensa ta samun yankin kansu. Amma ganawar farko ita ta buɗe ƙofar da sauran suka bi. Viljoen ya shiga zaɓen Afrilu na 1994 da jam'iyyarsa, ya tafi majalisa maimakon daji. A shekarar 1995 kuma Mandela, yana Shugaban Ƙasa, ya tafi har garin Orania ya sha shayi da gwauruwar Hendrik Verwoerd, Firayim Ministan da a zamaninsa aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A shekarar ce kuma ya shiga filin wasa sanye da rigar ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar, rigar da baƙar fata suka daɗe suna ɗauka tutar wariyar launin fata ce, dubban Turawa suka miƙe suna kiran sunansa. Da yawa daga cikin magoya bayansa ba su ji daɗin waɗannan abubuwa ba, suna ganin ya wuce gona da iri. Watau dai abin bai zo masa a banza ba, ya biya da wani abu daga cikin farin jininsa a wurin nasa mutanen.

INDA GIZO KE SAƘA

Da a nan zancen ya tsaya, da sai a ce kalmar yabo ce zalla. Amma marubucin Turanci da ya san aikinsa yakan zaɓe ta ne sa'ad da yake son ya yabi mutum ya kuma ja kunnen mai karatu a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne kalmar ba ta faɗi komai game da zuciyar mai murmushi ba. Abin da ta faɗa kawai shi ne halin da wanda aka yi wa murmushin ya shiga, watau ya wayi gari ba makami a hannunsa. Wanda ba shi da makami kuwa ana iya rungumarsa, ana kuma iya yi masa fashi.

Babu mai bukatar wannan hali kamar ɗan damfara, domin shi ne jarinsa. Bernard Madoff na birnin New York mutum ne mai sanyin magana, mai kamun kai, wanda ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ba ya roƙon kowa ya kawo kuɗi, sau da yawa ma yakan nuna kamar ba ya son karɓa, wannan kuwa shi ya fi kashe wa masu kuɗi jiki. Tun shekarar 2000 wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, yake kai ƙara wurin hukuma cewa ribar da mutumin nan ke nunawa ba za ta yiwu ba, amma aka yi ta bincike ana komawa hannu rabbana. Sai a watan Disamba na 2008 asiri ya tonu, aka tarar kuɗin da ke rubuce a takardun masu ajiya, kimanin dala miliyan dubu 65, yawancinsu babu su. An yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009, ya kuma mutu a kurkuku a 2021. Mutanen Nijeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka ya daɗe da zama sunan sana'a, masu yinta kuwa ba a taɓa jin sun zo wa kowa da ɗaurarriyar fuska ba.

A fagen mulki ma ƙasar nan ta ga nata. Ran 27 ga watan Agusta na 1985 Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki daga gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, wadda aka sani da tsanani. Ya zo da sakin fuska da murmushin nan nasa da ya shahara, ya soke Doka ta 4 ta 1984 wadda ta ɗaure wa 'yan jarida baki, ya saki mutane da yawa da ke tsare, sa'an nan ya ce jama'a su yi muhawara a kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ko kada a karɓa. Jama'a suka ce ba su so, gwamnati ta ce ta ji, aka yi ta murna. A shekarar 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, ɗauke da yawancin sharuɗɗan Asusun, har da karya darajar naira. Manyan masu sukar gwamnatoci irin su Wole Soyinka da Tai Solarin sun karɓi muƙamai a zamaninsa. Jaridu suka laƙaba masa sunan Maradona saboda iya yanka. An ɗaga ranar miƙa mulki ga farar hula sau da dama, daga bisani aka soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, wanda shi da kansa ya amsa a shekarar 2025 cewa Alhaji Moshood Abiola ne ya ci. Hukunci a kan niyyarsa aikin masana tarihi ne. Abin da ya shafi wannan fili shi ne, a shekarun farko na mulkinsa mutane masu kaifin hankali da yawa sun ajiye makamansu da kansu, ba wanda ya ƙwace musu.

YADDA AKE BAMBANCEWA

To, tun da murmushin na gari da na mugu kamarsu ɗaya a ido, ta yaya za a rarrabe? Kalmar da kanta ta nuna hanya. A duk yarjejeniyar kwance ɗamara ta gaskiya, ɓangarori biyu ne ke ajiye makami, kowa kuma yana ganin abin da ɗan'uwansa ya ajiye. In ɓangare ɗaya kaɗai ya ajiye, sunan abin miƙa wuya. Saboda haka tambayar da ta kamaci duk wanda ya ji jikinsa ya mutu a gaban wani ita ce, shi wannan da ya raba ni da makamina, me ya ajiye nasa?

Mandela ya ajiye haƙƙinsa na ramuwa, abin da duniya duka ta san yana da shi, ya kuma jure zargin mutanensa a kan haka. Reagan bai ajiye komai ba, ya dai kauce wa tambaya cikin gwaninta. Madoff kuwa ya karɓi makaman mutane ya haɗa da dukiyarsu. In aka koma ga ɗan tiredan nan na kasuwa, shi ma ba a san ko wane iri ne ba sai an ga abin da ya biyo bayan benci da gaisuwa. In ya buɗe akwati ya ƙirgo rabin kuɗin, ya sa ranar cika sauran, ranar kuma ta zo ya cika, to, tawali'unsa na gaskiya ne, Alhaji kuma ya yi riba biyu, ga kuɗinsa ga mutuncinsa bai zube a kasuwa ba. In kuwa Alhaji ya koma gida da daɗin rai da aljihu wayam, bayan wata biyu aka sake kakkaɓe masa benci, to, an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Wannan ba kira ba ne ga jama'a su riƙa ɗaure fuska ko su zargi duk mai fara'a. Gari da babu masu iya kashe wutar husuma da tattausan harshe ba ya zaunuwa, gidaje da yawa kuma suna tsaye ne a yau saboda wani ya iya cewa "ni ne da laifi" kafin a tuhume shi. Abin da ake nufi shi ne mutum ya huce, amma kada ya manta da abin da ya kawo shi. Ɗan jarida ya yi dariyar barkwancin Minista in abin dariya ne, in an gama ya maimaita tambayarsa. Mai zaɓe ya amsa gaisuwar ɗan takara da ya durƙusa masa har ƙasa, sa'an nan ya tambaye shi labarin rijiyar da aka yi alkawari wancan karo. Mai kuɗi ya sha shayin da aka zuba masa, amma ya karanta takarda kafin ya sa hannu.

Su kuma masu fassara, in sun sake cin karo da kalmar nan, sai su dakata su duba wanda ya rubuta ta da abin da ya biyo bayanta a labarin. In yabo ne tsantsa, "ya kashe musu jiki da kirkinsa" ta wadatar. In kuwa akwai jan kunne a ciki, to, Hausa ba ta rasa yadda za ta ce ya shafa musu zuma a baki ba. Allah ya haɗa kowa da masu fara'ar da ta kai har zuci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.